Man Goggo Gaya

A shekarun da nake gabatar da shirin mata na safiyar Laraba a gidan rediyo, akwai doka ɗaya da na ɗora wa kaina: ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Malamin da ya koya mana karanta labarai yakan ce idan buhu uku aka sace, kada ki ce "da dama", ki ce uku. Na riƙe wannan har abokan aiki suna tsokanata da shi. Sau ɗaya na karya dokar, kuma a kan man shafawar goggona ne.

Goggo yayar mahaifina ce, tana zaune a cikin gari a gidan da aka haife su. Tun ina rarrafe take haɗa mai. Man kaɗe ne da ake kawo mata daga ƙauye, sai ta narka shi, ta tace, ta zuba man riɗi da ɗan garin kurkum, ta yi ta bugawa da muciya har ya yi laushi. Ƙamshinsa na hayaƙi ne da gyaɗar kaɗe, duk wanda ya tashi a gidanmu ya san shi ko idonsa a rufe. Masu saye yawanci matan da ke wuni a rana ne: matan ƙauyen Miri masu zuwa gona, da masu tallar nono, da masu suyar awara a bakin titi. Goggo takan gaya musu cewa duk wadda ta shafa man nan, rana sai dai ta gaishe ta ta wuce.

A wata Laraba na gayyato wata malamar jami'a daga Gubi, mai aiki a ɗakin gwajin magunguna da kayan shafe-shafe. Dakta muke ce mata. Ta yi bayani a kan man bilicin da irin gubar da ake samu a cikin wasunsu, ta yi shi tsaf ba tare da tsoratarwa ba. Da muka zo rufewa sai daɗin shirin ya kwashe ni, na ce wa mata su koma wa namu na gargajiya, domin babu komai a cikinsa sai alheri, kuma yana kare fata daga zafin rana.

Saura minti uku, aka haɗa ni da mai kira na ƙarshe. Wata dattijuwa ce mai sanyin murya.

"Malama, sannu da aiki. Wannan na gargajiyar da kike yabo, na goggonki kike nufi?"

"Hajiya, ban kama sunan kowa ba."

"Ai ba sai kin kama ba, Bauchi ce. Na kanti kun ce an gwada an ga guba. Shi na goggon taki, wa ya gwada shi?"

Na yi shiru na daƙiƙa huɗu. Wanda bai taɓa zama gaban makirfo ba bai san tsawon daƙiƙa huɗu ba. Daga nan na ji bakina yana cewa za a kai man ɗakin gwaji, kuma duk abin da aka samu, ni da kaina zan karanta shi a wannan shiri, ko da daɗi ko babu.

Da jar fitilar da ke nuna muna kan iska ta mutu, Dakta ta cire abin kunnenta ta dube ni.

"Kin dai san na'ura ba ta san goggon kowa ba ko?"

Na ce na sani. Gaskiya a lokacin ban damu ba. Da man nan aka yi mini wankan jarirai, ga ni kuma da raina.

Goggo ba ta rabuwa da rediyo, saboda haka kafin in isa gidanta da la'asar ta riga ta ji komai. Na yi zaton zan tarar da faɗa. Sai na same ta tana murmushi a kan tabarma.

"'Yar rediyo, a kai shi! A kai shi ko'ina ne. Wannan mai kiran ma na gane muryarta, tun muna 'yan mata take da baƙin ciki."

Na ce mata samfur kawai suke so, wato kamar cokali uku a kwalba mai tsabta. Ta ce in dawo jibi. A nan ya kamata in farga, domin ga tukunyar man nan a gefenta, cike, da ludayi a ciki. Mai buƙatar cokali uku ba ya jiran jibi. Amma ina sauri, na ce to.

Da na koma, sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi a sabon ɗankwali. A ciki akwai sabon kwanon samira mai furanni, da murfinsa, an ɗora masa faifai.

"Goggo, cokali uku aka ce."

"Cokali uku? Wa masu digiri? So kike a ce gidanmu ba a san mutunci ba? Ɗauki ki tafi, kuma ki riƙe shi da hannu biyu."

Haka na hau bas ɗin Gubi da kwano a cinya kamar mai kai abincin suna. Da na shiga ɗakin gwajin, ɗalibai biyu masu fararen riguna suka miƙe da fara'a, ɗaya har da cewa Allah ya saka da alheri. Da aka buɗe suka ga mai ne, suka koma kan kujerunsu.

Ɗakin yana da sanyi, kuma komai na ciki da lamba a jikinsa. Dakta ta ɗebi man da wani ɗan ƙarfe ta rarraba a ƙananan kwalabe, ta ce tambayoyi uku za su yi masa. Shin akwai ƙwayoyin cuta a ciki? Shin akwai ƙarfe mai guba? Sai kuma batun rana: za su narka kaɗan su sa a wata na'ura mai haska irin hasken nan na rana da ido ba ya gani, wanda shi ne ke ƙona fata, su ga nawa man ya tare, nawa ya wuce. Na rubuta duka a littafina, ina ta neman yadda zan faɗe su da Hausar da matar da ke tsakiyar gona za ta gane.

Bayan mako biyu ta kira ni. "Ki zo," ta ce. "Ba maganar waya ba ce."

Na same ta da takarda a gabanta. Ta faɗi sunan abin da aka samu a man da Turanci, ni kuma saboda sabo na fassara a zuci kafin ma'anar ta iso mini: zaiba. Ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin tsinken auna zafin jiki. Ta ce wasu masu haɗa man bilicin suna sa gishirinsa don ya hasken fata, kuma yana ratsa fata ya taɓa ƙoda, yana iya taɓa har ɗan da ke ciki.

Na zauna na yi lissafin abin da ke gabana. Na yi alkawari a gaban dukan gari. Idan na karanta wannan takarda ranar Laraba, sana'ar Goggo ta ƙare, kuma ba ita ce babbar asarar ba. Matar da ta yi shekaru tana shafa wa jariran unguwa mai, za a riƙa nuna ƙofarta ana cewa ga gidan mai sa wa mata guba. Idan kuma na ɓoye, kuma man da gaske haka yake, to da bakina na tura mata su saya.

"Man kaɗe ba ya saukowa daga bishiya da zaiba," in ji Dakta. "Wani ne ya sa. Ke da kika san man, shinshina ki ji."

Ta miƙo mini kwanon da safar hannu. Na kai hanci. Hayaƙin yana nan, gyaɗar kaɗen tana nan, amma a bayansu akwai wani ƙamshi mai zaƙi, irin na falon da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki. Na ce mata ta ba ni kwana ɗaya.

A wurin aiki an koya mana cewa idan kana son ɗan siyasa ya faɗi gaskiya, yi masa gajeriyar tambaya ka yi shiru. Mutane ba sa jure shiru. Ban taɓa gwada wannan a kan Goggo ba sai ranar.

Na same ta tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na sha ruwa.

"Goggo, me kika sa a man da na kai?"

"Abin da na saba sawa."

Na yi shiru.

"Kaɗe, riɗi, kurkum. Yau kika fara saninsa?"

Na ci gaba da kallon tiren shinkafar.

"Ke, bar kallona da idon labaran duniya. Ni na yi miki wanka."

Wata kaza ta zo ta wuce ta tsakaninmu. Ban motsa ba.

"To, na ɗan yi masa miya," in ji Goggo.

"Miya?"

"Miya mana! Ke idan baƙo ya zo gidanki, tuwo gaya kike ba shi? Mutane sun yi boko har sun gaji, suna zaune cikin sanyi da fararen riguna, sai in aika musu mai gaya, yana warin hayaƙi, su ce ga na 'yan ƙauye? Cokali ɗaya tak na sa, don ƙamshi."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta sauko da wata 'yar robar man shafawa mai ruwan zinare daga saman kabet, inda take jere tangaran ɗin da ba a cin abinci da su. Wata Hajiya ce ta GRA, matar wani babban ma'aikaci, ta kawo mata tsaraba daga tafiya. Goggo ba ta taɓa shafawa ba. Ta ajiye shi ne don babbar rana, kuma a ganinta babbar ranar ta zo.

Na tambaye ta sau uku, ta hanyoyi uku, ko ta taɓa sa shi a man sayarwa. A ta ukun ta fusata.

"Man masu kuɗin zan zuba wa masu tallar nono? Kina hauka ne?"

Ban taɓa jin daɗin rowar Goggo ba kamar ranar. Sannan na gaya mata abin da aka samu. Ta san zaiba, domin mahaifinsu ya taɓa sayar da kayan koli. Ta ajiye robar a ƙasa a hankali, ta goge hannunta a zane.

"Ba za ki faɗa a rediyo ba dai," ta ce daga baya, muryarta ƙasa-ƙasa.

Na ce mata tukuna, sai an sake gwaji.

Dakta ta karɓi robar zinaren don ta gwada ta daban, amma ta kafa sharaɗi a kan sabon samfur. Ba ta son wanda aka shirya mata. Tana son wanda kowace mace za ta samu idan ta shiga gidan da kuɗinta, kuma kada mai man ta san na gwaji ne. Na ce wannan mai sauƙi ne.

Na ari dogon hijabi da niƙabi wurin maƙwabciyata, na sa silifas ɗin roba. Matsalar ita ce murya, domin babu gidan da muryata ba ta shiga a garin nan. Sai na yanke shawarar yin irin Hausar da ake ji a tasha da kasuwa, ta waɗanda suka koye ta da girma, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Na yi ta maimaitawa a cikin keke har mai keken ya fara leƙena ta madubi.

Na yi sallama da siririyar murya. Akwai mata biyu a gabana, na jira suka gama.

"Mama, sannu. Yarinya na ne ya aiko ni. Ya ce in saya masa man kaɗe."

Goggo ba ta ko ɗaga kai ba. Ta karɓi kwalbata, ta tsoma ludayi a tukunyar da ta ɗebar wa matan nan biyu, ta cika, ta rufe, ta karɓi kuɗi ta ba ni canji. Na juya ina jin daɗin kaina. Na kai bakin zaure sai na ji ta daga baya.

"Ki gaida Dakta."

Na tsaya.

"Yarinya na ne ya aiko ni," ta kwaikwaye ni. "Kin ɓata Hausar ko'ina, amma da kika zo kan kaɗe sai da kika ƙwanƙwasa shi kamar ana ɗaukarki a faifai. Duk Bauchi wa ke kiran kaɗe haka in ba ke ba? Cire abin nan kafin zafi ya kashe ki."

Na gaya wa Dakta an gane ni. Ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta tambaya ko na ga an ɗebo daga tukunyar kowa da kowa. Na ce da idona. Ta ce ya wadatar.

Sakamakon ya fito a takarda guda. Babu zaiba, babu dalma, ƙwayoyin cuta ba su kai abin damuwa ba. Robar Hajiya kuwa ita ce gidan zaibar. Amma tambaya ta uku ba ta zo yadda Goggo take so ba. Man yana tare hasken, sai dai kaɗan ne ƙwarai. Dakta ta ce yana laushin fata, yana hana ta bushewa da tsagewa, wannan gaskiya ne. Amma mace mai wuni a gona ta fi samun kariya daga malfa da mayafi mai kauri da inuwar bishiya idan rana ta take. Wato ranar ba gaisuwa take yi ta wuce ba. Tana zama.

Na kai wa Goggo labarin duka, na kuma gaya mata yadda zan karanta: gwaji biyu aka yi, ga abin da aka samu a na farko da dalilinsa, ga na biyu. Ta ce in karanta na biyu kawai. Na ce ɗaliban ɗakin gwajin sun san na farko, kuma ɗalibai suna da iyaye mata. Idan maganar ta fito ta bakin wani, ba wanda zai tsaya jin batun miya.

"Kuma wai ɗan tarewa yake yi? Ɗan? Ba za ki iya cire ɗan ɗin ba?"

"Ba zan iya ba, Goggo."

"Haihuwar boko asara ce," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "To in dai sai an tona, ba ke za ki tona ni ba. Da bakina zan faɗa."

Ranar Laraba ta iso gidan rediyo tun kafin masu shara su gama, cikin leshin da take zuwa biki da shi. Na gaya mata ba a ganin mutum a rediyo. Ta ce ita ta san ana ji a murya. Aka sa mata abin kunne a kan ɗankwali, Dakta tana gefe guda, ni ina tsakiya.

Na karanta sakamakon farko kamar yadda nake karanta labarai, ban rage ba, ban ƙara ba. Da na ambaci zaiba na ga hannun Goggo ya damƙe bakin tebur. Sai na ce ga mai man nan da kanta.

Ta matso da bakinta har yana taɓa makirfo.

"Mata, ni ce. Kun san ni. Laifina ne, kuma karambani ne ya ja mini. Na ga za a kai wa manya, na ce bari in yi masa miya da man kanti, irin mai tsadar nan na cikin robar zinare. Cokali ɗaya na sa. Cokali ɗaya ya lalata kwano guda, sabo fil. To ku da kuke shafa roba guda a fuska, ku yi wa kanku hisabi. Wanda kuke saye a wurina gaya ne, kuma gaya aka gwada aka ga lafiya lau."

Na karanta na biyu. Da na zo kan cewa yana ɗan tare hasken rana, sai Goggo ta yi tari da ƙarfi daidai kan kalmar. Na dakata, na bari ta gama, na sake karanta jimlar daga farko. Dakta ta sunkuyar da kai tana danne dariya, sannan ta yi bayanin malfa da mayafi.

Mai kira ta farko dattijuwar nan ce mai sanyin murya. Ta ce ta ji, ta kuma gode, amma tana da tambaya ɗaya: ita Goggo da wace miyar take yi wa baƙi tuwo, don a san gidan da za a riƙa ƙin ci. Goggo ta fizge makirfo ta kira ta da wani sunan tsokana na ƙuruciya, mai kula da na'ura ya yi maza ya sa kiɗa.

Ba a fita lafiya ƙalau ba. Akwai matan da kalmar zaiba kawai suka ji, wataƙila suna tsakar aiki ko batir ya mutu, kuma ba su sake taka gidan ba. Goggo ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana jin ciwon abin. Hajiyar GRA ta gane robarta a rediyo, ta yi wata biyu ba ta gaishe mu ba, daga baya ta aiko direba da kwalba wayam a cika mata mai, babu wani saƙo. Amma matan Miri sun ci gaba da zuwa, har da waɗanda ba a taɓa gani ba, kuma tun daga zaure suke ɗaga murya: "Goggo, a ba mu na gaya!" Sunan ya bi man har yau. Ta daina cewa rana tana gaisuwa ta wuce. Sai ta koma cewa, "Ki shafa, ki sa malfa, 'yar rediyo ta ce ɗan tarewa yake yi," tana jan ɗan ɗin yadda duk wanda ya ji zai san da wa take.

Abu ɗaya ne ba ta yafe ba. A wurinmu idan aka kawo maka abu a kwano, kana mayar da kwanon, kuma ba a mayar da shi wayam. Na yi mata bayani ya fi sau goma cewa kwanon da zaiba ta taɓa ba ya komawa kicin, ɗakin gwaji sun haɗa shi da kayan da suke zubarwa ta hanyarsu. Ranar da Dakta ta zo gaishe ta da kanta, da lemo da atamfa, Goggo ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo mata fura, ta sa mata albarka. Da za ta tafi, ta raka ta har zaure, ta cika mata kwalba da mai, sannan ta riƙe hannunta.

"'Yata, Allah ya ƙara ilimi. Amma ku a jami'a ba a koya muku mayar da kwano ba ne?"